Darasi: Duba Kukis da Share Su a Burauzar Lynx

A farkon watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar Sudan, kusan wata goma bayan ɓarkewar yaƙin da ya fara ran 15 ga Afrilun 2023. Jihar Jazira tana cikin wuraren da katsewar ta daɗe. Ga garuruwa irin su Wad Haddad, da ke kan hanyar Wad Madani zuwa Sinnar, wannan babbar jarrabawa ce. Hausawan yankin jikokin alhazai ne da suka biyo hanyar ƙasa, da na waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da na waɗanda aikin auduga ya kawo bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Danginsu sun warwatsu daga Sakkwato har Jidda, don haka gaisuwa da sanarwar rasuwa da kuɗin cefanen da ake turowa ta manhajar Bankak duk ta waya suke zuwa. Da layukan suka ɗauke, a sassa da dama na Jazira sai jama'a suka koma wurin masu na'urar Starlink. Ana biya da awa, mutane da yawa a kan layi guda, wanda ba shi da waya kuma ya ari ta maƙwabcinsa.

Duk wanda ya zauna a irin wannan layi ya san cewa data dukiya ce, ya kuma san cewa sau da yawa da na'urar wani yake shiga intanet. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne abin da suke bari a cikin na'urar bayan sun tashi. Wannan darasi a kansa yake, kuma burauzar da za a yi aiki da ita sunanta Lynx.

Burauza mai rubutu zalla

Lynx ba ta nuna hoto, ba ta nuna bidiyo, ba ta kuma tafiyar da ƙananan manhajojin JavaScript da shafuka ke aikowa. Rubutu kawai take ɗaukowa ta jera a baƙin allo. Mutum uku ne suka ƙirƙire ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992: Lou Montulli da Michael Grobe da Charles Rezac. Har yau ana gyara ta, Thomas Dickey ne ke kula da ita, kuma kyauta ce. Shafin intanet na zamani yakan haura megabayit 2 idan aka haɗa hotuna da talla, amma rubutun da ke cikinsa ɗan ƙanƙani ne, shi ya sa Lynx ke buɗe shafi a layin da Chrome za ta tsaya tana juyi. Makafi ma suna amfani da ita tare da manhajar da ke karanta musu allo.

Tana da iyakarta, kuma gara ɗalibi ya sani tun farko. Bankak da WhatsApp ba sa aiki a cikinta, haka duk shafin da ya dogara ga JavaScript. Inda take da ƙarfi shi ne karatu: Wikipedia, labarai, bayanin cuta ko na maganin ƙwari. A kwamfuta mai Linux da aka saka ta a ciki, rubuta lynx a tamina, wato wurin rubuta umarni, ya isa a buɗe ta. A wayar Android ana saka manhajar Termux, sannan a rubuta pkg install lynx. Maɓallin g yana ba da wurin rubuta adireshi, kibiyar sama da ta ƙasa suna yawo tsakanin mahaɗai, ta dama tana shiga, ta hagu tana komawa baya, q kuma na fita ne.

Abin da ake kira kuki

Babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafi, wato saba, ba ta riƙe fuskar kowa. Mutum ya nemi shafi ta ba shi, bayan minti ɗaya ya nemi wani, a wurinta baƙo ne sabo. Da haka aka gina yanar gizo tun asali. Matsalar ta fito fili lokacin da aka so fara ciniki ta intanet, domin babu yadda shago zai tuna abin da mai saye ya riga ya zaɓa. A 1994 Lou Montulli, wanda ya bar Kansas ya koma kamfanin da daga baya ya zama Netscape, ya kawo mafita. Saba za ta miƙa wa burauza ɗan gajeren rubutu, burauza ta ajiye, duk lokacin da ta koma wannan shafi sai ta nuna shi. Wannan rubutu shi ne kuki. Ke nan mutumin da yake cikin waɗanda suka yi Lynx shi ne ya yi kuki.

Misalinsa katin asibiti ne. Fayil ɗin marar lafiya yana ajiye a asibiti, shi kuwa kati mai lamba kawai yake riƙewa. Ya miƙa katin, a ɗauko fayil. Ma'aikacin da ke taga lambar yake dubawa, saboda haka wanda ya tsinci katin zai iya karɓar fayil ɗin da ba nasa ba. Haka kukin shiga asusu yake. Da zarar mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, saba tana ba shi doguwar lamba, daga nan kuma lambar ce ke magana a madadinsa. Wanda ya sami lambar ba ya bukatar kalmar sirri.

Kuki rubutu ne kawai, yawanci bai wuce bayit 4096 ba. Ba ya iya buɗe hotunan da ke waya, ba ya lalata kwamfuta, ba ya yaɗuwa. Haɗarinsa biyu ne, wato ya faɗa hannun wanda bai dace ba, ko a yi amfani da shi a bi sawun mutum daga shafi zuwa shafi. Na biyun sana'ar kamfanonin talla ce. Kamfani ɗaya yana saka hotonsa ko manhajarsa a dubban shafuka, ko'ina mutum ya shiga sai burauzarsa ta nuna wa kamfanin kuki iri ɗaya, a hankali a tara tarihin abin da yake karantawa. Jaridar Financial Times ta jawo hankalin jama'a ga kukis tun a Fabrairun 1996, dokokin Tarayyar Turai kuma su suka haifar da tambayar neman izini da ke tare fuskar shafuka a yau. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda sun sa karɓar kukis ya fi ƙin su sauƙi. Mai amfani da Lynx ya tsira daga mafi yawan wannan bin sawu ba tare da ya yi komai ba, tunda burauzar ba ta zuwa ɗauko hoton talla balle a miƙa mata kuki a can.

Tambayar da ke fitowa a ƙasan allo

Gani ya kori ji. Ɗalibi ya danna g, ya rubuta ha.wikipedia.org, ya danna Enter. Kafin shafin ya buɗe, layi zai fito a ƙasan allo da sunan shafin, da sunan kukin, da abin da ke cikinsa, sannan tambaya ko a karɓa. Amsa huɗu ce. Y ita ce a karɓi wannan ɗaya. N ita ce a ƙi wannan ɗaya. A tana nufin a karɓi duk abin da ya fito daga wannan shafi ba tare da sake tambaya ba. V kuma tana nufin kada a karɓi komai daga gare shi. Zaɓin A da na V suna aiki ne har zuwa lokacin da aka rufe Lynx.

A nan yawancin sababbin hannu suke yin gaggawa. Tambayar tana fitowa sau biyu, sau uku, awar da aka biya tana tafiya, sai mutum ya riƙa danna A a ko'ina don ya huta. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata malami ya hana tun ranar farko. Karanta layin bai kai daƙiƙa biyar ba, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce. Shafin da za a karanta kawai a wuce, kamar labari ko farashin kaya, V ta ishe shi, kuma mafi yawansu za su buɗe lafiya. Shafin da za a shiga da suna da kalmar sirri kuwa dole a ba shi Y ko A, domin idan aka ƙi kukinsa zai yi ta mayar da mutum wurin shiga kamar bai taɓa rubuta komai ba.

Don wannan gwaji, a danna Y ga duk kukin Wikipedia, saboda a sami abin dubawa.

Shafin da kukis suke taruwa

Riƙe Ctrl a danna k yana buɗe shafin da Lynx ta rubuta wa Cookie Jar a samansa. A Termux akwai CTRL a jerin maɓallan da ke saman kibod, maɓallin rage sauti na waya ma yana yin aikinsa. Idan ba a karɓi komai ba, Lynx za ta ce wurin fayau yake. Idan an karɓa, za a ga sunayen shafuka a jere, ƙarƙashin kowanne kuma kukis ɗinsa.

A gwajin Wikipedia za a ga suna biyu. Ɗaya ha.wikipedia.org, ɗayan kuma .wikipedia.org da ɗigo a farkonsa. Wannan ɗigo yana da ma'ana. Kukin da ke ƙarƙashin suna mai ɗigo ana nuna shi ga dukan sassan Wikipedia, na Hausa da na Larabci da na Turanci, na ƙarƙashin ɗaya sunan kuwa sashen Hausa kaɗai yake zuwa. Cikin abin da za a gani akwai WMF-Last-Access, wanda ba ya ɗauke da komai sai kwanan watan da aka shiga shafin. Masu Wikipedia suna amfani da shi wajen ƙidaya yawan na'urorin da ke ziyartarsu ba tare da sun san mai na'urar ba. Akwai kuma GeoIP, kuma shi ne yake sa ɗalibai su gyara zama. A cikinsa akwai haruffan ƙasa, SD ga Sudan, sai hasashen jiha da gari da lambobin taswira. Ba wanda ya tambayi ɗalibin inda yake. Daga adireshin layin da ya hau aka ƙiyasta, shi ya sa hasashen yakan kauce, wanda ke kan Starlink ma yana iya ganin sunan wata ƙasa dabam.

Ƙarƙashin kowane kuki akwai bayanai. Path yana nuna sashen shafin da za a riƙa kai masa kukin, kuma idan karkatacciyar sanda ce kaɗai a wurin, to duk shafin ne. Secure yana faɗin ko kukin na bin rufaffiyar hanya ce kawai, wato adireshin da ya fara da https. Wannan ya shafi duk mai hawa Wi-Fi na jama'a. A 2010 wani masani mai suna Eric Butler ya fitar da manhajar Firesheep, wadda ta nuna cewa wanda ke zaune a layi ɗaya da mutum zai iya tsintar kukinsa idan hanyar a buɗe take, ya shiga asusunsa na Facebook ko Twitter. Wannan na cikin abin da ya tura manyan shafuka suka koma https gaba ɗaya. Har yanzu, shafin da ya nemi kalmar sirri alhali adireshinsa http ne babu s, bai cancanci a ba shi ba.

Layi na ƙarshe shi ne ranar ƙarewa. Wani kukin za a ga kwanan wata a gabansa, wani kuma a ga an rubuta cewa zai ƙare da ƙarewar zaman. GeoIP na zama ɗaya ne, WMF-Last-Access kuwa yana kai kimanin wata guda. Wanda ya shiga asusunsa na Wikipedia ya zaɓi a bar shi a ciki, kukinsa na iya kai shekara.

Sharewa daga nan ake yinta. A kai kibiya kan sunan kuki a danna Enter, Lynx za ta tambaya ko a share, a amsa da y. Idan aka danna Enter a kan sunan shafin kansa, zaɓi biyar ne zai fito: D ta share duk kukis ɗin shafin, A ta riƙa karɓa kullum, P ta koma tambaya a kowane karo, V ta daina karɓa, C ta fasa. Wanda ya danna A cikin gaggawa ɗazu, a nan zai gyara da P. Wanda kuma ya danna V ga shafin da yake son shiga, ya rasa abin da ya hana shi shiga, nan zai fara dubawa.

Abin da ke saura bayan an rufe

A tsarinta na asali Lynx ba ta ajiye kuki bayan an fita. Da an danna q komai ya tafi. Ga kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa, kamar ta ajin yaƙi da jahilci ko ta shago, babu tsarin da ya fi wannan, kuma bai kamata a canza shi ba. Sai dai mai kwamfuta yana iya canzawa, don haka a duba. Fayil ɗin tsari sunansa lynx.cfg, a Debian da Ubuntu yana cikin /etc/lynx. Layin da ake nema shi ne PERSISTENT_COOKIES. Idan TRUE ne a gabansa kuma babu alamar # a farkon layin, to ana ajiyewa. A fayil ɗin ne kuma ake rubuta shafukan da aka amince da su har abada a layin COOKIE_ACCEPT_DOMAINS, da waɗanda aka ƙi a COOKIE_REJECT_DOMAINS, a raba sunaye da waƙafi.

Maɓallin o yana buɗe shafin zaɓuɓɓuka, inda za a iya sa Lynx ta yi watsi da duk kukis, ko ta riƙa tambaya, ko ta karɓi duka. Duk zaɓin da aka ga alamar motsin rai a gefensa na wannan zama ne kawai, ba ya kwana.

Inda ake ajiyewa, kukis suna zama a ɓoyayyen fayil mai suna .lynx_cookies a babbar foldar mai kwamfuta. Rubuta cat ~/.lynx_cookies yana fito da shi. Kowane layi kuki ɗaya ne mai gida bakwai, na farko sunan shafi, na shida sunan kuki, na bakwai abin da ke ciki. Gida na biyar doguwar lamba ce da ke rikita sabon hannu, amma ranar ƙarewa ce, an ƙidaya ta da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Lamba 1767225600, alal misali, ita ce 1 ga Janairun 2026, kuma rubuta date -d @1767225600 zai tabbatar da haka. Babu makulli a kan wannan fayil. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya karanta shi ko ya kwafe shi a filashi. Ana share shi da rm ~/.lynx_cookies, amma sai bayan an rufe Lynx, domin lokacin fita ne take rubuta shi, wanda ya share tana buɗe zai tarar ya dawo.

Sauran burauzoji masu rubutu zalla haka suke da ɗan bambanci. A w3m, wadda Akinori Ito ya yi a Japan, Ctrl da k ne ma ke buɗe jerin kukis. A ELinks babban harafin K ne.

Na'urar aro

Tambayar da ba ta rasa fitowa a aji ita ce, “Malam, to in na share kukin ai shi ke nan ko?” Amsar ita ce da saura. Share kuki yana cire lambar daga wannan na'ura, amma saba ba ta san an share ba, a wurinta lambar tana nan da rai har ranar ƙarewarta. Idan wani ya riga ya kwafe ta, zai ci gaba da shiga. Abin da ke kashe lambar a can shi ne danna mahaɗin fita daga asusu. Saboda haka tsarin aikin shi ne a fita daga asusu tukuna, sannan a buɗe shafin kukis a danna D, sannan a rufe burauza. Wanda ya tuna daga baya cewa ya bar asusunsa a buɗe a na'urar wani, ya canza kalmar sirrinsa daga wata na'ura, domin manyan shafuka da yawa suna soke tsofaffin lambobi idan aka yi haka.

Share kukis kuma ba ya goge abin da shafin ya riga ya tara a wurinsa, ba ya ɓoye wa mai Wi-Fi sunayen shafukan da aka ziyarta. Faɗin wannan wajibi ne, musamman a ƙasar da ta ga yaƙi, inda mutum zai iya dogara da kariyar da babu ita ya jawo wa kansa ko danginsa wahala.

Mafi yawan masu karanta wannan darasi da Chrome suke aiki a waya, kuma abin da suka gani a Lynx yana nan a ciki, sai dai a ɓoye, ba a tambayarsu. A Chrome ana shiga saituna, sashen sirri, a zaɓi share bayanan bincike, a sa alama a kan kukis. Mai aron waya ya buɗe shafin sirri na Incognito, wanda ke zubar da kukis ɗinsa idan aka rufe shi. Matar da ta ari wayar ɗan maƙwabta don ta duba saƙon ɗanta da ke Jidda tana da haƙƙin sanin wannan kamar yadda mai shagon kwamfuta yake da shi, kuma minti biyu ya isa a nuna mata.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya buɗe ha.wikipedia.org a Lynx, ya karɓi kukis da Y, ya shiga shafin kukis, ya kwafi sunan kowanne a littafinsa tare da ranar ƙarewarsa da abin da Secure ya nuna. Ya share ɗaya shi kaɗai, ya share sauran da D. Daga nan ya rufe Lynx, ya sake buɗewa, ya danna V a tambayar farko, ya rubuta ko shafin ya buɗe ko bai buɗe ba. Waɗanda suka gama da wuri su duba lynx.cfg na kwamfutar aji, su faɗa wa malam abin da ke gaban PERSISTENT_COOKIES. Wanda ya taɓa shiga asusunsa a wayar aro ko a kwamfutar shago bai fita ba, ya canza kalmar sirrinsa kafin zama na gaba.